Takardar Da Ta Fito Da Sunan Auta

"Ɗauki ki karanta min."

Auta ta dubi abin da Baba ya wurga kan tebur. Firam ne mai ruwan zinariya, gilashinsa ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Ba ta buƙatar ɗauka, ta san takardar da ke ciki. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda aka yi ta shiga firam, har ta zo hannun mahaifinta.

"Baba, don Allah..."

"Na ce ki karanta! Ba ke ce mai ilimi ba? Ba don haka na kai ki makaranta ba? Karanta min sunan da ke jiki, da ƙarfi, uwarki ma ta ji."

Umma tana tsaye bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta harɗe kan doguwar kujera tana karkaɗa ƙafa. Ɗanta na gefenta yana shafa fuskar wayarsa kamar maganar ba ta shafe shi ba. Digiri ake ce masa a dangi, don ba ya yin zance uku bai ambaci digirinsa ba. Shi ke da shagon buga takardu na bakin titi, kuma shekara biyu ke nan uwarsa tana nema masa Auta a wajen Baba.

Auta ta durƙusa. "Sunana ne, Baba."

"Sunanki ne." Ya gyaɗa kai a hankali. "Kwana uku ina yawo da takardar nan a hammata. Kwana uku! Na kai ta bencin 'yan fansho, na ce ku gani, yaron nan mai gyaran waya da kuke cewa ba zai iya ba, ga shaidarsa. Na kai wa mai shayi. Na kai wa maƙwabta gida-gida. Sai yau tsohon akawun ofishinmu ya dawo daga jinya, ya karɓa, ya sa tabarau. Kin san me ya ce?"

Auta ta girgiza kai.

"Ya ce, 'Masinja, ai wannan 'yarka ce ta ƙara karatu.' Suka kwashe da dariya. Har direba, wanda ni na roƙa masa aikin, dariya yake yana buga cinya."

Ya juya fuska wajen taga.

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana masinja. Lambobi ya sani, su da launin fayil, amma bai taɓa iya haɗa harafi da harafi ba. A gabansa ake kawo yara sababbin ɗauka, shi zai nuna musu inda komai yake, bayan shekara biyu su ne ke aikensa sayo ruwan sanyi. Tun daga nan ya rantse ba zai ba marar takarda 'yarsa ba. Yayyen Auta uku duk haka ya yi da su. Da mai gyaran waya ya zo gaishe shi bara a kan maganar Auta, tambaya ɗaya ya yi masa: aji nawa ka yi? Ya ce uku, na firamare, daga nan mahaifinsa ya rasu ya fita neman abinci. Baba ya ce to, ya ba shi shekara guda ya kawo takarda, kowace iri ce, muddin da guminsa ya same ta.

Saura kwana tara shekarar ta cika.

"Ni dai na faɗa tun farko," in ji Gwaggo. "Wace irin makaranta ce ba ta da ƙofa ba ta da allo? Mutum yana zaune cikin matattun wayoyi a ce karatu yake! Ita ta yi masa, Yaya. Ita ta zauna ta rubuta, Allah ya tona asirinsu."

"Wallahi Gwaggo ban rubuta masa ko harafi ɗaya ba!"

"To sunanki ƙafa ya yi ya hau takardar?"

Digiri ya ajiye waya, ya gyara wuyan riga.

"Kawu, a gaskiya abin nan sananne ne a irin wannan karatun na waya. Mu da muka zauna a aji shekara huɗu, muna jin labarinsu. Wani ya yi rajista, wani ya amsa tambayoyi. Ba na so in ce ƙanwata ta yi, amma..."

Auta ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba.

"Amma me? Ƙarasa mana, Yaya Digiri! Wa na tura wa takardar nan ranar Litinin? Me na ce maka? Ban ce makarantar ta nemi a buga ta tare da fom na gyaran suna, a sa hannu a mayar musu ba? Ban roƙe ka kada ka nuna wa kowa ba, har sai an gyara?"

"Saƙonni da yawa ke shigo min a rana."

"Amma ka samu lokacin sa ta a takarda mai kauri! Ka samu lokacin zaɓo firam mai zinariya, ka ɗauko da hannunka ka kawo wa mutumin da ka san ba zai iya dubawa ba, ka ce masa ga takardar mutumin Auta ta fito!"

"Ni alheri na yi niyya. Ban duba sunan ba."

"Mai digiri bai duba suna ba!"

"Ke!" Gwaggo ta daka tsawa. "Yayanki kike yi wa wannan tsiwar? A kan mai kwance wayoyi?"

Baba ya ɗaga hannu, falon ya yi tsit. Bai dubi Digiri ba, Auta ya duba, idanunsa sun kaɗa jawur.

"Mutumin da ba zai iya dubawa ba," ya maimaita. "Haka ne. Na gode da kika tuna min. Ban taɓa yi wa 'yata dole ba, ba kuma zan fara a kanki ba. Ki auri wanda kike so cikin masu mutunci. Amma wannan yaron, ki faɗa masa kada ya ƙara taka min ƙofar gida."

"Malam, ka saurare ta mana," Umma ta ce a hankali.

"Na gama."

Ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

* * *

Shagon mai gyaran waya bai fi taku huɗu ba. Kanta ta gilashi a gaba, gwangwanaye cike da ƙananan kusoshi, fitila mai madubin ƙara girma, ga ƙaurin dalma da ba ya barin wajen. A jikin bango, daidai saitin idonsa, an ɗaure wata waya mai fasasshiyar fuska da roba. A cikinta ya yi karatun wata tara. A ƙarƙashinta littattafan rubutu ne guda bakwai jere, na farko rubutunsa manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya, na ƙarshe ya fara kwantawa kan layi.

Duk layin nan mai gyara suke ce masa. Auta kaɗai ke kiransa Injiniya.

Bai katse ta ba har ta gama ba shi labari cikin kuka. Haka yake, ko mai kawo waya ne sai ya bar shi ya gama surutunsa kafin ya taɓa ta. Ya ajiye ƙaramar sukudireba, ya goge hannu.

"Na ce miki kada ki kai shagonsa."

"Firintarsa ce mafi kusa. Ɗan'uwana ne, Injiniya, tare muka tashi. Ban taɓa zaton..."

"Ni na zata. Mutumin da ke kawo min waya ya tsaya daga waje ya miƙo da yatsa biyu, kamar shagona zai shafa masa cuta?"

"To yanzu laifina ne?"

"Ban ce ba."

"Ka ce mana! Ka ce ni na rubuta sunana!"

Ita ɗin ce kuwa ta rubuta. Ranar rajista ba shi da imel, fom ɗin kuma bai iya karanta shi ba. Ta karɓi wayar ta sa nata, akwatunan suka cika da kansu da sunanta, ta danna ta wuce. Dukansu biyu sun ɗauka kamar ofis ne, sai ranar karɓar takarda a tambaye ka sunan da za a rubuta. Wata tara yana shiga darasi ana yi masa maraba da sunan Auta, suna dariya a kai. Babu wanda ya tambaye shi komai. Ya ci jarrabawa, takarda ta faɗo cikin imel ɗinta, shi ke nan.

Ya miƙa hannu ya shafa wayar bango.

"Kin san sau nawa malamin nan na cikin bidiyo ya maimaita min darasin wutar batir? Sau goma sha huɗu. Na rage masa gudun magana har ya koma kamar mai jin barci. Bai taɓa yi min tsaki ba. Mutane suna cin abincin rana ni ina kwafar kalma. A kawo gyara in tsayar da shi, a tafi in ci gaba. Abin da hannuna ya sani tun ina ɗan shekara goma sha biyu, sai da na koyi sunansa da yadda ake rubuta shi. Yau wani ya zauna a falonku ya ce mace ce ta yi min!"

"Ni na san kai ka yi."

"Saninki ba ya shiga firam."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan gilashin kanta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya zaro tasa wayar daga aljihu.

"Amsar saƙon da na tura wa makarantar ta zo ɗazu. Tsaya, ni zan karanta."

Ya karanta a hankali, yatsa na bin layi, yana tsayawa kan dogayen kalmomi. Sun soke takardar, tunda mai rajista daban mai jarrabawa daban. Amma sun duba ayyukan hannu da ya riƙa turawa a bidiyo, sun ga hannu ɗaya ne tun farko. Sun ba shi dama guda: ya buɗe rajista da sunansa, ya nuna katin shaida, ya sake jarrabawar ranar Asabar da kyamara a kunne. Zai zagaya da ita su ga ɗakin, babu kowa sai shi. Awa biyu. In an ga wani, ko an ji muryar wani, an soke, sai bayan shekara.

"Akwai sauran layi ɗaya," ya ce. "Ba a yarda waya ta karanta wa mutum tambaya ba. Ba sauti ko kaɗan."

Auta ta ɗago ta dube shi. A jarrabawar farko wayar ce ta riƙa karanto masa tambayoyin yana amsawa. Wannan karon da idonsa zai bi tambaya hamsin, shi da ya ɗauki minti huɗu a kan wasiƙa mai layi takwas.

"Lokaci ba zai ishe ka ba," ta ce.

"Wataƙila."

"Injiniya, ka ji. In ɗakin yana da taga... ni ba amsa zan ba ka ba. Zan tsaya inda kyamara ba ta gani, ka nuno min, in yi maka alama kawai da..."

Yadda ya dube ta ya sa maganar ta maƙale.

"Har ke?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Gwaggonki ta ce ke kika yi min, kin rantse ba ki yi ba, kin yi kuka. Ko awa biyu ba a yi ba kin zo kina neman ki mayar da ƙaryarta gaskiya! Ashe ke ma a ranki ba ki yarda zan iya ba."

"Tsoro nake ji! Kwana tara ya rage, in ka faɗi shi ke nan, Gwaggo a falonmu za ta tare har sai ta ga bayanmu. Ba na son kowa sai kai. So kake in zauna in naɗe hannu?"

"Eh. Abin da nake so ke nan. Ki naɗe hannu, a inda babanki zai ga kin naɗe."

Ya ɗauki sukudirebarsa.

"Je ki gida, Auta. Gobe zan zo."

"Ya ce kada ka taka ƙofar."

"To zan tsaya a bakin titi."

* * *

A bakin titin kuwa ya tsaya, tun ƙarfe takwas na safe, taku uku daga ƙofar gida. Rana ta ɗaga. Umma ta leƙa sau biyu, ta shiga ta fito. Wajen sha ɗaya aka ji ta a ɗakin Baba, ita da ba a taɓa jin muryarta daga tsakar gida ba.

"Ka san zafin a bar mutum tsaye bakin ƙofa, Malam. Kai ka fi kowa sani. Sau nawa ka dawo gidan nan ka kasa cin abinci don wani ya shanya ka?"

Ba a jima ba Baba ya fito. Gwaggo da ɗanta, da suka iso tun da hantsi don jin yadda ta kaya, suka biyo bayansa. Auta ta laɓe bayan labule.

Mai gyara ya durƙusa a nan kan titi ya gaishe shi. Baba ya kau da kai.

"Baba, an kunyata ka a kaina, kuma kuskurenmu ne ya jawo. Ban zo roƙon ƙarin lokaci ba. Makarantar ta ce in sake jarrabawa ranar Asabar, da sunana. Na zo roƙon ka ara min ɗaki a gidanka in yi ta."

"A gidana?"

"In a shago na yi, za a ce an taya ni."

Baba ya gyaɗa kai.

"To. Zan zauna gabanka in zuba maka ido har ka gama."

"Ba su yarda ba, Baba. Ni kaɗai suke so a ɗakin. Ko tari suka ji na wani, sun soke."

Digiri ya yi 'yar dariya.

"Ka ji ko, Kawu? Jarrabawa ba mai tsaro! Mu a jami'a mutum uku ke yawo a kanmu. Ɗan abin kunne kawai zai saka, ita tana ɗakinta tana karanto masa. Aikinsa ne fa, ya san duk dabarun waya."

"Sai ka zo ka duba kunnen nawa," in ji mai gyara, bai ko kalle shi ba. "In ba ka ƙyamar taɓawa."

"Kai, san da wa kake magana!" in ji Gwaggo.

Baba ya dubi yaron da ke durƙushe cikin rana, gumi ya jiƙa masa bayan riga.

"Sun hana zama a ɗakin," ya ce. "Ƙofa fa? Sun hana zaman bakin ƙofa?"

"A'a, Baba."

"To ƙarfe nawa?"

* * *

Ranar Asabar Umma ta kwashe tarkacen ƙaramin ɗakin baya, aka bar tebur da kujera. Baba da kansa ya rufe tagar ya sa sakata. Ya laluba aljihunan mai gyara, ya duba kunnuwansa ɗaya bayan ɗaya, har hularsa ya kakkaɓe. Sannan ya ɗauko wani tsohon kwano ya bi mutanen gidan, har da Gwaggo da ɗanta da suka sake zuwa.

"Kowa ya sa wayarsa."

Auta ta sa. Umma ta sa. Gwaggo ta yi tsaki ta jefa tata.

"Kawu, ni ina jiran kiran kwastoma," in ji Digiri.

"Sa."

Ya kife faranti a kan kwanon, ya tura shi ƙarƙashin ɗan bencin da ya ajiye a bakin ƙofar, ya zauna. Sai a lokacin Auta ta lura da rigar jikinsa. Kakin aikinsa ne, wanda Umma ta ninke a ƙasan akwati shekara shida da suka wuce. Maɓallin ciki ya ƙi rufuwa.

Ƙarfe goma daidai aka ji mai gyara a ciki yana faɗin cikakken sunansa, yana juya kyamara bango-bango. Daga nan shiru.

Auta ta zauna a tabarma daidai inda Baba ke ganinta, ta ɗora hannu biyu a cinya. Agogon falo kaɗai ke motsi a gidan. Tana ganinsa a ranta, yatsa kan layi, leɓe na motsi babu sauti, lokaci na gudu a kusurwar wayar. Minti ashirin. Minti arba'in. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini.

Awa ɗaya ta wuce lokacin da Gwaggo ta gyara zama ta yi gyaran murya.

"Ni fa zaman makokin nan ya ishe ni," ta ce, da muryar da take kiran mai tallan ruwa daga ƙarshen layi. "Auta! Ke Auta! Tashi ki..."

Umma ta dafe ƙirji. Baba ya miƙe. Ya taka har gaban Gwaggo, ya sunkuya sai da bakinsa ya kusa kunnenta.

"Kin ji abin da yaron ya ce a kan murya. A gabanki ya faɗa."

"To ni a gidan yayana ba zan yi magana ba?" Ta rage murya, amma ba sosai ba.

"Tashi ki fita."

"Yaya! Ni? A kan bare?"

"Ni na goya ki ranar da aka kai ki makaranta, ni kuma na koma gona. Ban taɓa goranta miki ba. Tashi ki jira a waje, ko in ɗauke ki kamar yadda na ɗauke ki ranar."

Ta tsaya baki buɗe. Ta figi mayafinta ta fita, ta so ta buga ƙofar gida, Umma ta riga ta tare da hannu.

Da Baba ya juyo, Digiri yana tsaye a bakin ɗakin baya, yatsunsa kan mariƙin ƙofa.

Auta ba ta taɓa ganin mahaifinta ya yi sauri irin na ranar ba. Ya shiga tsakaninsa da ƙofar, ya cire hannun kamar mai cire ƙaya.

"Leƙawa kawai zan yi, Kawu," Digiri ya raɗa. "Don amfaninka. Kai ba za ka gane ba in yana..."

"Ba zan gane ba." Baba ma raɗa yake, amma kowace kalma tana fita da nauyinta. "Shi ya sa ka zaɓe ni ka ba ni firam. Na kwana biyu ina juya abin nan. Kai da ke gano kuskuren harafi ɗaya a katin biki, ka buga suna mai girman yatsa ba ka gani ba? Ka bar ni na zaga gari da shi?"

"Kawu, wallahi..."

"Kada ka rantse a gidana. Shekara talatin da ɗaya ina zaman ƙofa, manyan da suka fi ka takarda ba su wuce ni ba sai da izini. Injiniya yana aiki. Koma ka zauna."

Auta ta toshe baki da gefen mayafi. Injiniya. Daga bakin Baba.

Digiri ya koma ya zauna, ya kai hannu aljihu, ya tuna wayarsa tana ƙarƙashin benci.

Sha biyu saura minti uku. Saura biyu. Babu motsi a ɗakin. Agogo ya buga sha biyu, har yanzu shiru. Auta ta zuba wa ƙofar ido. Bai gama ba, lokaci ya cinye shi, ta san za a yi haka.

Sakata ta yi ƙara.

Mai gyara ya fito riga sharkaf, idanu jawur, waya a tafin hannu.

"Tambaya huɗu ban kai gare su ba," ya ce da dusasshiyar murya.

"Ban tambaye ka ba," in ji Baba. "Nawa ake nema?"

"Sittin cikin ɗari."

"Kawo."

Digiri ya taso. "Bari in duba maka, Kawu."

"Zauna."

"Baba, ko ni in..." Auta ta fara.

"Ke ma zauna. Lamba dai na iya."

Ya zaro tabarau, ya nisanta wayar daga fuska, ya matso da ita. Leɓensa ya motsa.

"Shida. Da huɗu." Ya ɗago. "Sittin da huɗu."

Kukan da Auta ta riƙe awa biyu ya ƙwace. Umma ta rungume ta tana hamdala. Mai gyara ya jingina da bango ya rufe ido.

Baba bai yi murmushi ba. Yatsansa yana kan layin da ke saman lambar.

"Wannan fa? Sunan wa?"

"Nawa ne, Baba."

"Haka aka ce min wancan karon." Ya cire tabarau ya sa a aljihun kaki, ya ɗauki hularsa. "Yanzu 'yan fansho suna can kan benci, ba sa tashi sai ƙarfe ɗaya. Wanda ya karanta waccan shi zai karanta wannan, da ƙarfi, a gaban direba da duk wanda ya yi dariya. Sai ka karanta musu kai ma da bakinka."

Daga waje Gwaggo ta leƙo, fuska a kumbure.

"Yaya, in ka ba shi yarinyar nan, ka sani ni da gidanka..."

"Wayarki tana cikin kwano," in ji Baba. Ya juya wajen Umma. "A share falo. In akawu ya karanta abin da yaron nan ya faɗa, gobe muna da baƙi, masu neman aure."

Mai gyara ya miƙa hannu zai karɓi wayarsa. Baba ya janye ta, ya manna a ƙirji da hannu biyu, yadda ya saba riƙe fayil mai muhimmanci.

"Wuce gaba," ya ce. "Ni zan ɗauko takardar."